Kundin aikin shimfiɗa Wi-Fi a wani benen ofis a Bompai

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Ginin bene ne mai hawa biyu, wato ƙasa da sama biyu, ma'aikata kusan 140, ga baƙi masu shigowa zauren taro. Abin da muka tarar shi ne rauta biyar, wato na'urar raba intanet, irin ta gida, kowace da sunanta, dukkansu da kalmar sirri ɗaya wadda har tsofaffin ma'aikatan da suka bar aiki sun sani. Koken kowa shi ne "sigina ta cika amma ba ya tafiya". Wannan koken shi ne ya nuna mana inda za mu duba, domin cikar sanduna a fuskar waya ƙarfin muryar rauta kawai take nunawa. Ba ta faɗin mutum nawa ne ke jiran layi a tashar.

Mun yi awo da na'urar watsa Wi-Fi guda ɗaya, wadda 'yan sana'a ke kira AP, a kan sanda mai tsawon mita 2.7, muna matsar da ita ɗaki zuwa ɗaki. Ma'aunin ƙarfin sigina dBm ne, kuma lambar tana da alamar ragi: -50 ta fi -70 ƙarfi. Duk ragin 3 yana nufin rabin ƙarfin ya tafi. Ƙa'idar da muka ɗauka ita ce -67 dBm a zangon 5 GHz, ɗaya daga zangunan rediyon da Wi-Fi ke aiki a kai, a duk inda mutum ke zama, da tazarar 25 dB tsakanin sigina da hayaniya, don kiran murya ya tafi ba yankewa.

Bangon bulo inci tara mai filasta ciki da waje ya ci mana tsakanin 10 da 14 dB a zangon 5 GHz. Bango biyu, an gama. Ƙofar ƙarfe ta sito ta fi haka muni, rufin kankare mai rodi kuwa ba a dogara da abin da ya ratsa shi. Saboda haka tsohon tsari na jera na'urori a baranda ba zai yi ba. AP za ta shiga cikin ɗakuna, a manne da silin, fuskarta ƙasa. Lissafi ya tsaya a kan 18, shida a kowane hawa.

Laraba, 22 ga Janairu

Jan kebul. Cat6 ne, kowace AP da nata zuwa ɗakin na'urori. Iyakar tsawo mita 100 ne, 90 a cikin bango, 10 na gajerun igiyoyin haɗi. Mafi tsawo a nan ya kai 71.

Kwali biyu cikin bakwai da aka kawo mun mayar da su. An rubuta tagulla a jiki, amma da muka kankare wayar da wuƙa sai ga fari a ciki: alminiyom ne aka yi wa rufin tagulla. Irin wannan yana wuce gwajin ƙaramar na'ura mai fitilu takwas, shi ya sa mutane ke ruɗuwa. Matsalarsa tana fitowa ne idan aka tura wuta ta cikinsa, domin yana tauye wuta fiye da tagulla, yana zafi, kuma yana karyewa a bakin soket bayan 'yan watanni. Duk mai sayen kebul don wannan aiki ya yanki ɗan guntu ya kankare a gaban mai shago kafin ya biya.

Litinin, 3 ga Fabrairu

An ɗaura duka 18, sun kama, amma biyar a hawa na biyu suna nuna gargaɗin ƙarancin wuta, saurinsu kuma ya ragu. AP ba ta da filogi, ta cikin kebul ɗin sadarwa take samun wuta daga suwic (akwatin da kebul ɗin duka ke haɗuwa a cikinsa), tsarin da ake kira PoE. Mizanin 802.3af yana ba da wat 15.4 a bakin suwic, 12.95 ke isa na'ura. Mizanin 802.3at yana ba da 30, 25.5 ke isa. Namu na Wi-Fi 6 ne, suna buƙatar na biyun. Idan ba su samu ba, ba sa mutuwa, sai su rage eriyoyin da suke aiki da su, su ci gaba a raunane.

Suwic ɗin yana da ƙofa 24, amma jimillar wutar da zai iya rabawa wat 370 ce. An ɗora masa AP 12, kowace ya ware mata 30, 360 ke nan, sannan aka ƙara kyamarori takwas. Yawan ƙofa daban, yawan wuta daban, kuma takardar saye ta farko ba ta duba wannan ba. Mun mayar da kyamarori kan nasu suwic, muka raba AP tara-tara a kan suwic biyu, muka kunna LLDP don kowace na'ura ta faɗi ainihin abin da take ci maimakon a ware mata mafi yawa. Gargaɗin ya ɗauke.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Ranar tashoshi. Wi-Fi kamar zaman majalisa yake: a tasha ɗaya, baki ɗaya ke magana a lokaci guda, saura su saurara har ya gama. AP biyu da ke jin juna a tasha ɗaya majalisa ɗaya suke, ko da kowace tana da kebul ɗinta. Dukiyar da ake rabawa ke nan, lokacin magana, kuma kusan duk abin da muka yi yau don tattalinsa ne.

A zangon 2.4 GHz tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna: 1, 6 da 11. AP 18 a kan tashoshi uku cunkoso ne, don haka mun kashe rediyon 2.4 a guda 10, muka bar 8. A zangon 5 GHz na'urorin sun zo da faɗin tasha 80 MHz daga kamfani. Yana da daɗin gani a gwajin sauri idan kai kaɗai ne a ginin, amma yana haɗiye ƙananan tashoshi huɗu a lokaci ɗaya. Mun sauke zuwa 20 MHz a ko'ina. Kwamfuta ɗaya ba za ta ga babbar lamba ba, amma mutum arba'in a zauren taro za su samu rabo.

Ƙarfin watsawa ma mun rage shi: 14 dBm a 5 GHz, 8 a 2.4. Masu gini sun so a ƙure shi. Illar ƙurewa ita ce waya tana jin AP daga nesa, ita kuma AP ba ta jin ƙaramar muryar wayar da kyau, sai a yi ta maimaita saƙo, kowa na jira.

Talata, 11 ga Fabrairu

An nemi sunan Wi-Fi, wato SSID, guda shida: na shugabanni, na akanta, na sito, da sauransu. Mun ƙi, ga dalili. Kowane suna yana da shelarsa da AP ke yi kusan sau goma a daƙiƙa, kowane milisakan 102.4, kuma a mafi ƙanƙantar saurin da aka yarda da shi. Shela mai bayit 300 a saurin 1 Mbps tana cin kusan milisakan biyu da rabi, wato kashi 2.5 cikin ɗari na lokacin tashar. Suna shida a AP huɗu masu jin juna, kashi 60 ya tafi a shela kafin kowa ya buɗe imel.

Mun tsaya a kan uku: na ma'aikata, na baƙi, na kayan aiki irin su firinta da POS. Mun kuma rufe tsofaffin saurin 1, 2, 5.5 da 11, mafi ƙanƙanta yanzu 12 Mbps.

Rabuwar da shugabanni ke so ta samu ta hanyar VLAN, wato raba suwic ɗaya zuwa unguwanni da ba sa ganin juna sai ta katangar tsaro, na'urar da ke tace abin da zai wuce. VLAN 10 ma'aikata, 20 akanta, 30 kayan aiki, 40 baƙi, 99 kula da na'urori. Kuskure ɗaya ya ci mana awa biyu: a ƙofar suwic da ke haɗa hawa na ɗaya an manta ba a saka 40 cikin jerin waɗanda za su wuce ba. Waya tana haɗuwa da sunan baƙi, ta yi ta juyawa tana neman adireshi, ta ƙare da 169.254. Inda aka ga wannan lambar, yawanci rediyo ba shi da laifi, na'urar ce ba ta samu adireshi daga sabar DHCP ba, wato kwamfutar da ke raba wa na'urori adireshi.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma a nan za mu daɗe.

Kalmar sirri ɗaya ga kowa, irin WPA2 na gida, tana da aibu uku a ofis. Ba a san wanda ya shiga ba. Idan mutum ya bar aiki sai an canza wa na'ura ɗari biyu. Na uku, wanda mutane ba su cika sani ba: duk wanda ya san kalmar, kuma ya naɗi gaisuwar nan mai matakai huɗu da waya ke yi da AP lokacin haɗuwa, zai iya warware abin da wayar ke aikawa ta iska. WPA3, wanda ya fito a 2018, ya toshe na ukun da tsarin SAE, amma na farko da na biyu suna nan.

Maganin shi ne 802.1X. Ɓangare uku ne: na'urar mai neman shiga, AP a matsayin mai gadi, da sabar RADIUS a matsayin mai rijista. Mai gadi ba ya yanke hukunci, saƙo kawai yake kaiwa da komowa. Idan sabar ta amince, ita ce ke faɗa wa AP a wane VLAN za a sa mutumin, shi ya sa ɗan akanta da ɗan sito suke shiga suna ɗaya amma kowa ya faɗa unguwarsa. Mun ɗora manhajar FreeRADIUS a sabar, ƙofar UDP 1812 don tantancewa, 1813 don rubuta shiga da fita. Kalmar da ke tsakanin AP da sabar mun yi ta haruffa 32 na kan-mai-uwa-da-wabi, muka kuma tilasta Message-Authenticator a kowane saƙo saboda raunin Blast-RADIUS da aka bayyana a 2024.

Hanyar tantancewa biyu muka auna. PEAP yana amfani da suna da kalmar sirri a cikin rufaffiyar hanya. Yana da sauƙin farawa, amma duk tsaronsa ya rataya ne a kan abu ɗaya: wayar ta duba satifiket ɗin sabar, wato shaidar lantarki da ke tabbatar da cewa ita ce ta gaske, kafin ta miƙa sirrinta. Idan ba ta duba ba, wani zai iya zama cikin mota a bakin geti da AP mai irin sunanmu, wayar ta miƙa masa abin da zai fasa ya samu kalmar. Wannan shi ake kira mugun tagwai. EAP-TLS kuwa satifiket ne a ɓangarorin biyu, babu kalmar da za a sata. Kwamfutocin ofis 96 duka mun sa su a EAP-TLS, aka tura musu satifiket ta tsarin kula da kwamfutoci. Akwai ƙarin dalili: Windows 11 daga fitowar 22H2 yana kunna tsarin kare bayanan shiga mai suna Credential Guard a kwamfutocin kamfani da suka cancanta, wanda ke hana PEAP mai MSCHAPv2 shiga kai tsaye da bayanan mai kwamfuta.

Wayoyin ma'aikata na kansu sun zauna a PEAP na ɗan lokaci. A Android, a cika gurbin satifiket da na ofishin, a rubuta sunan sabar daidai a gurbin da aka tanada. Sababbin wayoyi da yawa tun daga Android 11 sun cire zaɓin "kada a duba", tsofaffi kuwa suna da shi, kuma shi ne abin da kowa ke dannawa don ya huta. Mun hana. Duk wayar da za ta shiga sai an saita ta a teburin masu kula, minti uku ne. Wannan mataki ya fi duk kuɗin da aka kashe a na'urori muhimmanci a wurinmu, domin idan aka bar shi, an gina katanga ne an bar ƙofa a buɗe.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Da safe babu kwamfutar da ta iya shiga. An ɗauke wuta cikin dare, batirin inbata ya ƙare, sabar ta mutu. Da janareto ya tashi ta dawo, amma agogonta ya koma shekarun baya saboda ƙaramin batirin CR2032 na cikinta ya mutu. A ganinta duk satifiket ɗin da aka nuna mata lokacin fara aikinsa bai yi ba. Ba ta iya gyara agogon ba kuma, domin katangar tsaro ba ta buɗe wa VLAN 99 ƙofar UDP 123 ta NTP, tsarin daidaita agogo ta hanyar sadarwa, ba.

An canza batirin, an buɗe ƙofar, an sa duk AP da suwic su ɗauki lokaci daga wuri ɗaya. An tayar da sabar RADIUS ta biyu a wata na'ura dabam. Nauyin ɗakin na'urori kusan wat 600 ne. Batura huɗu masu 12V 200Ah suna ba da 9.6 kWh a takarda, rabi ake ci idan ana so su yi ƙarko, wato awa bakwai da 'yan kai bayan asarar inbata. An cire firij da fankokin da aka jona wa layin a baya, su ne suka shanye shi.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Gwajin ƙaura daga AP zuwa AP, da kiran WhatsApp a kunne daga ƙasa har hawa na biyu. Waya ce ke yanke shawarar ƙaura, AP shawara kawai take bayarwa. Da farko kiran yana ɗaukewa kusan daƙiƙa ɗaya a kan matakala, saboda kowace ƙaura sai an sake komawa RADIUS daga farko. Mun kunna 802.11r, wanda ke shirya makulli tun kafin a isa, da 802.11k mai ba waya jerin maƙwabta, da 802.11v mai ce mata ga wadda ta fi kusa. Yankewar ta daina jiyuwa a kunne.

Tsofaffin firinta biyu da POS uku ba sa jituwa da 802.11r, ba sa kuma gane WPA3. Suna kan sunan kayan aiki: WPA2, zangon 2.4, kalma mai haruffa 40 da ba a ba kowa ba, kuma katangar tsaro ta bar POS ya fita intanet kawai, firinta kuma ya karɓi aiki daga sabar bugu kawai.

Talata, 4 ga Maris

Taro na mutum kusan 200 a zaure, bayan azahar baƙi suka daina samun shiga. Adireshi ne ya ƙare. An ba VLAN 40 girman /24, adireshi 254, da aron awa 24. Kowane baƙo waya biyu ko waya da kwamfuta, ga na jiya ba su saki nasu ba. Ƙari a kan haka, tun daga Android 10 da iOS 14 wayoyi suna ɓoye lambarsu ta MAC ta asali, wato lambar shaidar na'ura a kan sadarwa, su ƙirƙiri wata, don haka wayar da aka goge wa sunan aka sake haɗawa tana iya zuwa a matsayin sabuwa. An faɗaɗa zuwa /22, adireshi 1022, aro awa biyu.

Wannan ƙirƙirar lamba ita ce kuma dalilin da ya sa muka watsar da shawarar tace na'urori da MAC. Lambar tana yawo a fili a iska, kwaikwayonta aikin minti ɗaya ne. Ɓoye sunan Wi-Fi ma haka, ba tsaro ba ne, wayoyin ne ke ta kiran sunan duk inda suka je.

Baƙi ba sa ganin juna, ba sa ganin komai na cikin gida, kowa an ƙayyade masa 5 Mbps. Shafin maraba ba ya tambayar lambar waya. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora nauyi a kan duk wanda ya tara bayanan mutane, abin da ba a buƙata gara kada a karɓa.

Litinin, 10 ga Maris

Kwantirola, wato manhajar da ke kula da duk AP ɗinmu, ya nuna baƙuwar AP wadda lambarta ta bayyana a iska da kuma a kan kebul ɗinmu. Bambancin ke nan tsakanin ta maƙwabci da ta ɓarna: ta maƙwabci a iska kawai take. An bi ta har ofishin sito, rauta ce ta gida da wani ya jona a soket ɗin bango, a buɗe ba kalmar sirri, tana kuma raba adireshin 192.168.0 ga kwamfutocin da ke kusa. An cire ta, an kunna tsaron DHCP a suwic don ƙofar sabar kaɗai ta iya ba da adireshi, an rufe soket 37 da ba a amfani da su.

Kwantirola yana da zaɓin kai wa baƙin AP hari da saƙon kora. Mun bar shi a kashe. A unguwar da gine-gine ke manne da juna zai iya tsinke wa maƙwabta sadarwa, kuma ba haƙƙinmu ba ne. Namu ɓangaren mun kare shi da 802.11w, wanda ke sa hatimi a saƙonnin kora don kada a yi na jabu. Dole ne a WPA3, mun tilasta shi a sunan ma'aikata.

AP biyu na kusurwar arewa a hawa na biyu suna sauya tasha da kansu sau biyu ko uku a mako. Suna kan tashoshin DFS, daga 52 zuwa 64 da daga 100 zuwa 140, waɗanda ake rabawa da rada. Ƙa'ida ita ce AP ta saurara daƙiƙa 60 kafin ta fara magana a can, idan kuma ta ji abin da ya yi kama da rada ta tashi nan take, ta ƙaurace wa tashar minti 30. Filin jirgin sama na Malam Aminu Kano ba shi da nisa, sannan AP kan ɗauki wata hayaniyar a matsayin rada. An kafe waɗannan biyun a 36 da 44, na ƙasa da bango ya kāre suka ci gaba da DFS.

Alhamis, 20 ga Maris

Zafi ya fara. Ɗakin na'urori ya kai digiri 41 da la'asar, fankokin suwic suna ƙara, ƙurar hunturu ta toshe ragar iska. An busa su, an sa fanka mai jan iska a bango, an nemi ƙaramin AC kafin Afrilu. Kafin damina kuma sai an auna turken ƙasa na ɗakin, a sa abin tare tsawa a kebul biyu da ke fita zuwa ɗakin masu gadi.

Awon ƙarshe na wannan zagaye: ɗakuna 52 cikin 54 sun kai -67 dBm. Biyun da suka rage, masallacin ƙasa da sito mai ƙofar ƙarfe, za a ƙara musu AP ɗaya a tsakani. Cunkoson tasha a zangon 5 GHz da ƙarfe 11 na safe bai wuce kashi 30 ba.

Satifiket ɗin sabar RADIUS na shekara ɗaya ne, an rubuta ranar ƙarewarsa a kalandar mutum uku da tunatarwa kwana 45 kafin lokaci. Wayoyi 61 na kan PEAP za a fara mayar da su EAP-TLS bayan sallah, sashen akanta ne farko.